Sallar Nowel ba tare da ɓarnar daji da ƙasa ba

 

Watan Disamba ya kama. An gama girbi, gero ya shiga rumbu, hunturu ya sauko. Wannan wata yana da ranakun hutu. Ran 18 muna tunawa da kafa jamhuriyar Nijar a 1958. Ran 25 kuma ƴan'uwanmu Kirista suna yin babbar sallarsu. Mu nan muna ce mata Nowel. A Nijeriya da Gana ana cewa Kirsimeti. Bayanta da sati guda sai sabuwar shekara.

Yau hirarmu a kan Nowel take. Za mu duba yadda za a yi ta cikin murna, ba a sare icce a banza ba, ba a cika gari da leda ba, kuma ba a ci bashi ba.

Wataƙila ka ce: "Malam, ni ba Kirista ba ne, ina ruwana?" Gaskiya ne, Kirista kaɗan ne a ƙasarmu. Bisa ƙidayar jama'a ta 2012 ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba. Amma kana ganin su a Yamai, da Maraɗi, da Tsibiri, da Galmi, da Dogonduci, da Damagaram. Wani maƙwabcinka ne, wani shi ne likitan da ya duba ɗanka. Ran Nowel kwanon abincinsu yana shigowa gidanka, kamar yadda naman layyarka yake shiga gidansu. Kuma murhun da ake girkin Nowel da shi, shi ne murhun girkin salla, da suna, da aure. Abin da za ka karanta nan zai yi maka amfani ran naka biki.

Mene ne Nowel?

Rana ce da Kirista suke tunawa da haihuwar Yesu Almasihu, wato Annabi Isa ɗan Maryamu, a garin Baitalami. Tun shekara ta 336 akwai shaidar ana yin wannan salla ran 25 ga Disamba a birnin Roma. Kiristan Habasha da na Masar su kuma ran 7 ga Janairu suke yi. Ana zuwa majami'a da dare ko da safe, a yi addu'a da waƙa. Daga nan sai ci da sha, da ziyara, da kyauta ga yara.

Wannan shi ne asalin abin. Sauran kayan da kake gani a kanti, irin icce mai walƙiya, da tsoho mai jar riga da farin gemu da ake kira Baba Nowel, da audugar da ake zubawa a ce ƙanƙara ce, duk daga baya suka zo. Al'adun ƙasashen sanyi ne. Ba laifi ba ne a yi su. Amma ya kamata mutum ya san inda abu ya fito kafin ya zuba kuɗinsa.

Iccen Nowel

Bari mu daɗe kaɗan a nan, don akwai abin lura.

A Turai watan Disamba tsakiyar ɗari ne. Rana gajera ce, ƙanƙara ta rufe gonaki, yawancin itatuwa sun zubar da ganye sun zama kamar matattu. Amma akwai wani icce mai ganye kamar allura, wanda ba ya kaɗewa. Shi yana nan kore shar. To, wajen shekara 500 da suka wuce, mutanen ƙasar Jamus da na Alzas suka fara saro shi suna kafawa cikin ɗaki. Suna rataya masa ƴaƴan itatuwa da kayan zaƙi. Ganin koren ganye cikin tsananin sanyi yana tuna masu cewa rai bai ƙare ba. A 1848 wata jarida ta buga hoton sarauniyar Ingila Biktoriya da mijinta Albat da ƴaƴansu kewaye da irin wannan icce. Daga nan al'adar ta bazu har Amurka, ta game duniya.

Yau a can gonarsa ake yi, kamar yadda muke noman gero. Sai ya yi shekara 7 zuwa 10 kafin ya kai tsawon mutum. A sare shi, a yi ado da shi sati biyu ko uku, a jefar. Manomin ya sake dasa wani. Su suna da ruwan sama da yawa, ƙasarsu tana iya ɗaukar wannan. Mu tamu ba ta iyawa, kuma iccen ma ba ya fitowa a nan.

Shi ya sa ƴan kasuwa suke kawo mana na roba. Yawancinsa daga Sin yake fitowa. Akwai wani gari can, Yiwu, inda ake yin fiye da rabin kayan adon Nowel na duniya duka. Wannan icce roba ce da ƙarfe. Da man fetur ake yin robar. Ya hau jirgin ruwa, ya hau babbar mota fiye da kilomita 1000 daga bakin teku kafin ya iso kasuwarmu. In ya lalace ba ya ruɓewa, akuya ba ta cin sa ta ƙoshi, in an ƙone shi hayaƙinsa guba ne. Masana sun yi lissafi sun ce sai mutum ya yi aiki da shi wajen shekara 10 kafin ya biya ɓarnar da aka yi wajen ƙera shi. To, in kana da shi, kada ka jefar. Bayan salla ka kakkaɓe ƙurar, ka naɗe shi cikin buhu, ka ɗora inda ɓera da rana ba su kai. In ba ka da shi, a ganina bar kuɗinka cikin aljihu.

Kada kuma ka ɗauki gatari ka tafi daji ka saro ɗan icce don ka kwaikwayi Turawa. Wannan ya fi na roba muni.

Yanzu ka fita bayan gari ka duba. A watan Disamba, wane icce ne ya yi kore alhali ciyawa ta bushe? Gawo. Shi gawo da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tsare ma gero rana. Da rani, sa'ad da kome ya ƙone, sai ya yi sabon ganye. Ganyensa da ya zuba taki ne, ƴaƴansa abincin tumaki da shanu ne, kuma kowane manomi ya san geron gindin gawo ya fi zangarniya. Tsofaffin Damagaram suna faɗin cewa sarakunansu na da sun hana sarar gawo, da horo mai tsanani. Ka ga ashe abin da Bature ya nema ga iccensa na ƙasar sanyi, mu Allah ya ba mu shi tsaye cikin gona. Ba sai mun sare shi mun kai ɗaki ba.

To, yaya za a yi? Ga dabara biyu.

Ta farko, a yi ma icce mai rai ado. Kusan kowane gida yana da bedi, ko mangwaro, ko lemu, ko zogale. Harabar majami'a ma haka. Yara su yi taurari da kaba, ko da karan dawa, ko da tsohon kwali. A rataya ƙananan ƙore da ludduna da aka yi ma zane, da ƙyallayen atamfa da tela ya zubar. A ɗaura da zare sako-sako. Kada a buga ƙusa, kada a ɗaure reshe da waya, don tana cin ɓawo. Kiristan ƙasar Indiya da yawa haka suke yi, mangwaro da ayaba suke ma ado.

Ta biyu, in ana son icce cikin ɗaki, a je wurin masu renon itatuwa a sayi ɗan dashe, na mangwaro ko gwaiba ko lemu. A sa shi cikin tsohuwar tukunya ko tsohon bokiti mai huji a gindi. A yi masa ado marar nauyi. Kada ya wuce kwana uku ko huɗu cikin ɗaki, don yana son haske. Abin da za a yi da shi bayan salla, za mu zo kansa.

Akwai wani labari da ya kamata ka sani, don a ƙasarmu ya faru. Bayan fari na shekarun 1970, gonakin Maraɗi sun zama fili fetal. Iska tana binne shuka, sai a yi shuka biyu ko uku. Wani ma'aikacin mishan daga Ostareliya, Toni Rinaudo, ya yi ta dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa ƙananan tsirran da muke sassabewa kowace shekara, ashe kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu tana nan cikin ƙasa. In an zaɓi tsiro mai ƙarfi, ɗaya zuwa biyar, aka yanke sauran, aka tsare shi, sai ya zama icce. Manoma, Musulmi da Kirista, suka karɓi dabarar, wannan ya koya ma wancan. Masu bincike da suka duba hotunan da aka ɗauko daga sama sun ƙiyasta an raya wajen hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, yawanci a jihohin Maraɗi da Damagaram. A 2018 aka ba mutumin wata babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin. Aikin kuwa hannun manoma ne ya yi shi. Mutanen da suka raya icce miliyan 200, ai bai kamata a same su suna layi wajen sayen na roba ba.

Ɗakin haihuwa na laka

Kirista, musamman ƴan Katolika, suna yin ɗan ƙaramin ɗaki mai nuna inda aka haifi Yesu. Ana sa jariri cikin komin dabbobi, ga uwarsa, ga makiyaya, ga tumaki da jaki. Wani bawan Allah na ƙasar Italiya, Faransis na Asisi, shi ya shahara da fara wannan a 1223, da ciyawa da dabbobi masu rai. A Wagadugu yara ne suke gina shi da laka a ƙofar gida, suna gasar wanda nasa ya fi kyau. Mu ma ga laka, ga kara, ga shuci. Wane yaro ne a ƙauye bai iya gina saniya da raƙumi da yumɓu ba? Mai son na ƙwarai ya je wurin magina tukwane, irin na Miriya ko na Bubon. Kuɗin ya zauna cikin ƙasa. In damina ta zo, lakar ta koma inda ta fito.

Wutar girki

Nan ne babbar ɓarna take, ba ta bakin ado ba.

Mafi yawan gidajen Nijar da icce suke girki. Cikin hunturu kuma ana ƙara hura wuta don jin ɗumi da ɗuma ruwan wanka. Sai ga biki ya zo, an ɗora manyan tukwane tun asuba. Wanda ya zauna Yamai ya ga yadda ake jibge itatuwa a bakin titi kafin sallar layya, ya san abin da biki yake ci. Nowel ba ta kai haka ba, don masu yin ta kaɗan ne, amma hanyar ɗaya ce. Iccen nan daga daji mai nisa motoci da amalanke suke kawo shi, kuma kowace shekara sai an ƙara nisa. Ke uwargida ta ƙauye kin fi kowa sani. Inda kakarki take samun icce kafin hantsi, ke yanzu sai azahar.

Murhu mai duwatsu uku a fili, yawancin zafinsa iska ke kwashewa. Harshen wuta yana fita ta kowane gefe, tukunya kaɗan take samu. Tun shekarun 1980 aka fito da murhun ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi, da na laka da ake kira Albarka. In an yi aiki da su daidai, dami uku yana iya yin aikin dami huɗu.

Na laka ba ya bukatar kuɗi. A samo laka mai danƙo, a haɗa da kashin jaki ko na doki da ƙaiƙayi, a kwaɓa, a rufe, a bar ta ta kwana kamar bakwai ana yayyafa ruwa. Sai a kafa duwatsu uku, a ɗora tukunyar da za a riƙa girki da ita. A gina laka kewaye da ita har kusa da wuya. A bar ɗan tsakani kamar kaurin yatsa tsakanin tukunya da gini, don hayaƙi ya fita. A yanke ƙofa guda ta sa icce. A bar shi ya bushe sarai kafin a hura wuta, in ba haka ba zai tsage. Ka ga ke nan mai son ya yi girkin Nowel a sabon murhu, tun farkon Disamba zai fara. Kowace tukunya da murhunta. Babbar tukunyar biki, a gina mata nata, a bar shi don suna da aure na unguwa.

Ga kuma ƙananan abubuwa da ba su cin ko dala. A sa busasshen icce, a faskara shi ƙanana. A rufe tukunya da murfi. A jiƙa wake tun dare. A gama yanke-yanke da daka kafin a hura wuta, kada wuta tana ci ana neman wuƙa. In tukunya ta tafasa a janye icce, guda biyu sun isa, don tafasa mai ƙarfi ba ta sa nama saurin nuna. In an gama a kashe ragowar da ƙasa, gobe ta yi amfani.

Akwai wata dabara da na gwada a gidana. Da farko mai ɗakina dariya ta yi mani. A samu babban kwando, a shimfiɗa tsofaffin tsummoki ko bargo a ciki da kauri. In shinkafa ta tafasa kamar minti biyar, a sauke tukunyar da murfinta, a sa cikin kwandon, a lulluɓe ko'ina. Kada a buɗe. Bayan minti 40 shinkafa ta nuna, ba ta kama ba, ba ta ƙone ba. Zafin da ke cikinta ne ya ƙarasa ta. Ran Nowel wannan yana da daɗi: a sa tukunya cikin kwando, a tafi majami'a, a dawo a tarar da abinci da ɗumi. Nama shi kam a dafa shi sosai bisa wuta tukuna.

Mai hali a birni ya yi aiki da gaz. Tun da aka buɗe matatar man Damagaram a 2011, a ƙasarmu ake samun sa. Akwai kuma gawayin ƙasa da ake tonowa wajen Cirozerin. In gidaje uku ko huɗu na dangi za su yi salla, su haɗa girki wuri guda. Wuta ɗaya ta fi huɗu sauƙi.

Kada mu manta da hayaƙi. Hukumar lafiya ta duniya ta ce hayaƙin girki cikin gida yana kashe mutum wajen miliyan 3 kowace shekara, kuma mata da ƙananan yara sun fi shan wahalarsa. Kada a yi girki cikin rufaffen ɗaki da goyo a baya. Kada kuma a kwana da kaskon gawayi cikin ɗaki a rufe ƙofa don sanyi. Mutane suna kwantawa haka ba su tashi ba.

Me za a dafa?

Disamba lokacin albarka ne. Kayan noman rani sun fara shigowa: tumatir, kabeji, salati, karas, da albasa wadda sunan Galmi ya kai ta har bakin teku. Ga wake sabo, ga zogale, ga zabbi da kajin gida. Ga shinkafar bakin kogi ta Tilaberi da Kollo. Abin sha kuma ga zoɓo, ga tsamiya da citta, ga kunun aya, tun da Maraɗi gidan aya ce. Wanda ya sayi waɗannan ya taimaki manomin ƙasarsa, kuma ba su zo cikin gwangwani da roba ba. Ban ce kada yaro ya sha lemun kwalba ran salla ba. In za a saya, a sayi na kwalbar da ake maidawa.

A auna abinci da yawan baki. A ƙirga mutanen gida, da baƙi, da gidajen da za a kai ma. Abin da ya ragu a raba shi tun da rana ga almajirai da marasa hali, kafin ya lalace. Shinkafar da aka zubar a juji, da ita aka zubar da icce da ruwa da gumin wanda ya noma ta.

Leda

Ɗauki allonka mu yi lissafi. A ce unguwa tana da gida 50 masu yin biki. Kowane gida ya aika abinci gida 10. Kowane aike ya ci leda 2, ɗaya ta shinkafa, ɗaya ta miya. Gida 50 sau 10, aike 500 ke nan. Aike 500 sau 2, leda 1000. A yini guda, a unguwa guda. Ba mu sa ledar cefane ba, ba mu sa ta ruwan sanyi ba.

Ina ledar nan take zuwa? Iskar hunturu ta kwashe ta. Wata ta maƙale ga ƙaya, har ka ga aduwa da magarya sun yi baƙin fure. Wata ta shiga magudanar ruwa ta toshe, da damina ruwa ya kwanta, sauro ya haihu, ko ruwan ya shiga gidaje. Wata ta binne a gona ta hana ruwa shiga ƙasa, ta hana saiwa tafiya. Ba ta ruɓewa kamar ganye. Tana iya fin wanda ya jefar da ita daɗewa.

Wata kuwa dabba ce ke cin ta, don tana jin ƙanshin mai da gishiri. Mahaifiyata ta taɓa yin wata tunkiya da take ji da ita. Daga ita take samun ragon sayarwa kowace shekara. Sai tunkiyar ta fara ramewa, ga ciki ƙato, ga dusa ba ta ci. Aka ba ta kanwa, aka ba ta magani, a banza. Da aka ga za ta mutu aka yanka. Mahauci ya buɗe tumbi ya jawo wani dunƙule baƙi, ya fi kan yaro girma, leda ce da igiya sun murɗe. Tsohuwa ta zauna ta yi shiru. Ka tambayi kowane mahauci a garinku, zai ba ka labari irin wannan.

Gwamnati ta yi doka mai lamba 2014-63, ran 5 ga Nuwamba 2014, wadda ta hana ƙerawa, da shigowa, da sayarwa, da aiki da irin wannan leda marar kauri. Ruwanda ta hana tun 2008, Kenya a 2017, kuma a can an tsananta. Mu nan, ka je kasuwa da kanka ka gani. Mai tumatir na dala goma sai ya ba ka leda, in bai ba ka ba ka yi fushi. Doka ba ta iya bin kowa har gindin murhu.

Maganin kuwa yana rataye cikin ɗakunanmu. Iyayenmu da me suke kai abincin salla? Da kwano, da akushi, da ƙwarya, a rufe da faifai. Yarinya ta ɗauka a kai, ta yi sallama, a juye, a wanke kwanon, a sa mata ɗan tukuici ciki. Wannan ya fi mutunci. Abinci mai zafi ma bai kamata a zuba shi cikin leda ba. Mai zuwa cefane ya riƙi kwando ko jakar kaba ko ta tsumma. A wurin taro a ajiye randa da moɗa da kofuna, a wanke, maimakon ruwan leda. Kwanon da bai isa ba a ara wurin maƙwabta. Ledar da ta riga ta shigo gida a tara ta cikin buhu, a ɗaure, a kai inda hukumar gari ta ce. Kada a hura wuta da ita, ko da icce ya ƙi kamawa.

Fitilu da wasan yara

Mai son fitilun ado ya nemi ƙananan nan na zamani da ake kira LED. Ba su cin ko kashi ɗaya cikin huɗu na wutar da tsohon ƙwai yake ci. A kashe su in za a kwanta. Akwai masu aiki da hasken rana, su ba ruwansu da ɗaukewar wuta. Rana kuwa ba mu rasa ta ba.

Kayan wasa masu aiki da batir, wanda muke ce ma pil, kwana biyu suke yi su mutu. Mataccen pil yana da guba. Kada a jefa shi kusa da rijiya, kada a bar yaro ya tsotsa. Mu malamai ma mun sha fasa shi muna shafa baƙin a allo, kuma kuskure ne. In za ka yi ma yaro kyauta, ga takalmin fata na dukawanmu, ga riga daga telan unguwa, ga littafi da alƙalami. Mai hali ya ba shi ƴar kaza ko ƴar akuya ya yi kiwo. A naɗe kyautar cikin ɗan ƙyalle ko tsohuwar jarida.

Abin fashewa da yara suke kunnawa, da tayar mota da samari suke ƙonewa daren sabuwar shekara, a hana su. Lokacin iska ne, kome ya bushe. Ga kara bisa rufi, ga rumbu cike. Tartsatsi guda ya isa ya cinye abincin shekara.

Shugabannin addinin Kirista su ma sun yi magana a kan wannan. A 2015 Paparoma Faransis ya rubuta doguwar wasiƙa zuwa ga mutanen duniya duka a kan kula da ƙasa, inda ya yi kashedi game da halin saye a jefar. Saboda haka mai wa'azi da ya tsaya ran Lahadi ya ce ma jama'a su zo da kwanoninsu, bai fita daga aikinsa ba.

Washegari

Ran 26 a yi gayya. Matasa su share harabar majami'a da titin unguwa. A raba shara biyu. Ɓawon albasa, da ganye, da toka, da kashin dabbobi, a zuba cikin rami, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa, kafin damina ya zama taki. Leda da gwangwani da fasasshiyar kwalba su kuma dabam. A kwance adon da aka ɗaura ma icce, a adana na baɗi.

Saura ɗan dashen nan namu. Disamba ba lokacin dashe a gona ba ne, don rani yana gaba. In za a dasa shi cikin gida, a haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya da faɗin kamu ɗaya, a haɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki. A yanke ledar da ke gindinsa a cire ta, kada a binne shi da ita. A zaɓi wurin da ruwan alwala ko na wanke hatsi yake zuwa, ban da ruwan sabulu mai yawa. A kewaye shi da ƙaya ko tubali saboda awaki. A rufe gindin da ciyawa don laima ta daɗe, amma a riƙa dubawa saboda gara. A ba yaro guda aikin ban ruwa, safe ko maraice, a kira iccen da sunansa.

In kuwa gona za a kai shi, a bar shi cikin tukunyarsa a inuwa marar duhu, ana ba shi ruwa, har ruwan sama ya zauna. Tun 1975 ƙasarmu take dasa itatuwa ran 3 ga Agusta. Daga 25 ga Disamba zuwa ranar, wata bakwai ne da kwana tara. Ka rubuta ranar a littafinka.